Kaya ɗaya, adireshi biyu: wanne za a bi?

Wani ɗan kasuwa daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina sayen jakunkuna da takalma da matasan kai na fata daga hannun dukawa, in tura su a dunƙule ga ƙanena da ke zaune a Liyon ta ƙasar Faransa, shi kuma ya sa su a gwanjon eBay, wato kasuwar intanet, da asusunsa. Wani ya ci gwanjon wata babbar jaka a kan Yuro 180, ya kuma biya. Adireshin da ya fito tare da biyan kuɗin na Marsai ne, a cikin Faransa, amma washegari sai ya aiko saƙo cewa a kai jakar Burusel, babban birnin Beljiyam, wai tsaraba ce ga ƙanwarsa. Ƙanena ya ƙi, ni kuwa ina ganin ya tsananta, domin a nan idan mutum ya biya ya ce a kai shagon ɗan'uwansa a Garwa, kai wa muke yi. Wa ke da gaskiya a cikinmu?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ƙanenka ne ke da gaskiya, kuma ina ba ka shawara ka bar shi a kan matsayinsa, ko da yake na fahimci abin da ya sa kake ganin kamar ya ci fuskar mai saye. A kasuwar Marwa ka san wanda ya biya, ka san gidansu, ko aƙalla ka san dillalin da ya kawo shi, saboda haka idan ya sauya inda za a kai kaya, maganarsa ta isa shaida. A gwanjon intanet ba ka ga fuskar kowa ba, kuma idan rigima ta tashi, wanda zai raba gardama shi ne kamfanin eBay ko bankin da ya ba mai saye kati, su kuwa abin da ke rubuce a shafin cinikin kaɗai suke dubawa. Ƙa'idarsu a wannan batu a fili take: mai sayarwa yana samun kariya ne idan ya aika kaya zuwa adireshin da ke cikin bayanan odar, kuma yana da lambar bin sawun kaya da ke nuna an kai su can. Saƙon da mai saye ya rubuto daga baya, komai kyawun lafazinsa, ba ya maye gurbin wannan adireshi.

Ka yi lissafin abin da ke kan tebur. An ɗaure sefa da Yuro a kan sefa 655.957 ga kowane Yuro ɗaya, don haka Yuro 180 ya kai kusan sefa 118,000, kafin a cire la'adar eBay da kuɗin aikawa. Mu ɗauka ƙanenka ya kai jakar Burusel, bayan mako biyu mai saye ya shigar da ƙorafi cewa bai ga kayansa ba. Za a nemi ƙanenka ya kawo shaidar isar da kaya, sai ya kawo lambar da ke nuna jakar ta sauka a Beljiyam, alhali odar ta ce Marsai. A idon mai hukunci, kayan ba su isa inda aka yi ciniki a kai ba, don haka za a cire kuɗin daga asusun ƙanenka a mayar wa mai ƙorafi. Jakar tana hannun wani a Burusel, kuɗin ya koma, kuɗin gidan waya ya tafi, ba tsuntsu ba tarko, ga kuma baduku a Marwa da tuni ka sallame shi daga aljihunka.

Wannan asara tana iya faruwa ko da mai sayen mutumin kirki ne, domin kaya suna ɓata a hanya, maƙwabci yana karɓa ya yi shiru, ƙanwar ma tana iya cewa ba ta gani ba. To balle idan da ma da niyya aka zo. Hanyar da 'yan damfara suka fi bi ita ce su shiga asusun wani da suka sace kalmar sirrinsa, ko su biya da katin sata. Adireshin da ke cikin asusun na ainihin mai shi ne, kuma ɓarawo ba ya son kaya su je can, shi ya sa yake buƙatar ka sauya da hannunka, sai ya kawo labarin tsaraba, ko na ƙaura zuwa sabon gida, ko na tafiya ta gaggawa. Ranar da mai katin ya ga an cire masa kuɗi ya kai ƙara banki, bankin zai janye kuɗin, kuma wannan yana iya zuwa bayan watanni, lokacin da kai ka riga ka zuba ribar a cikin sabon kaya. Ba ina cewa mutumin Marsai ɓarawo ne ba. Yawancin masu roƙon a sauya adireshi mantuwa ce kawai, sun ƙaura ba su gyara asusunsu ba. Amma daga Liyon ba a iya bambance mai mantuwa da mai damfara ta hanyar karanta saƙo, domin kalmomi iri ɗaya suke rubutawa.

Abin da ya dace ƙanenka ya yi bai ƙunshi zargi ko kaɗan ba. Ya amsa wa mai saye a cikin akwatin saƙon eBay ɗin, kada ya koma WhatsApp ko imel, ya gaya masa cikin ladabi cewa ba zai iya aikawa ba sai zuwa adireshin da ke kan odar, sannan ya ba shi zaɓi biyu. Na farko, a kai jakar Marsai kamar yadda aka rubuta, shi kuma ya tura wa ƙanwarsa da kansa. Na biyu, a soke cinikin, a mayar masa da kuɗinsa ta hanyar da ya biya, a sake sa jakar a kan tsayayyen farashi daidai da abin da ya ci gwanjon, ya saya da adireshin Burusel tun daga wurin biya. A cikin dalilan sokewa da eBay ya tanada akwai na matsala game da adireshin mai saye, shi ne ya kamata a zaɓa, domin idan aka zaɓi cewa kaya sun ƙare, wannan yana zama tabo a kan asusun mai sayarwa. Mai gaskiya yakan ɗan yi ƙunƙuni ya sake saye cikin mintuna, wanda kuwa ya zo da wata manufa yakan matsa lamba ko ya ɓace. Idan ya ɓace, eBay yana ba da damar a yi wa wanda ya zo na biyu a gwanjon tayi a kan farashin da ya taya, don haka jakar ba lallai ta koma farkon layi ba.

Sake cinikin yana da wata fa'ida da 'yan kasuwa ke mantawa da ita, wato kuɗin aikawa. Kunshi daga Liyon zuwa Marsai yana tafiya da farashin cikin gida, zuwa Beljiyam kuwa farashin ƙasar waje ne, ko da yake babu shingen duwan, wato kwastan, tsakanin ƙasashen biyu tunda duk suna cikin Tarayyar Turai. Da a ce Landan ya ce a kai, tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar, to tun farkon 2021 kunshin yana buƙatar takardar duwan, irin su CN22 ko CN23, kuma batun haraji ya shigo. Wanda ya sauya adireshi a kan saƙo kawai, shi ne zai cike wannan gibi daga ribarsa.

Wataƙila za ka ji tsofaffin masu wannan sana'a suna cewa adireshin PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ake bi. Maganarsu tana da asali. eBay ya sayi PayPal a 2002, suka rabu a 2015, kuma zuwa 2021 eBay ya karɓi sarrafa biyan kuɗi a hannunsa. A da, mai sayarwa yakan ga adireshi ɗaya a eBay, wani dabam a PayPal, kuma na PayPal ne ke ba da kariya. Yanzu a cinikin eBay shafin odar ake dubawa, ko da mai saye ta PayPal ya biya. Idan kuwa ƙanenka ya sayar a wani wuri aka biya shi kai tsaye ta PayPal, to adireshin da ke shafin bayanan wannan biyan shi ne abin bi. A duka biyun, adireshin da ya zo tare da kuɗi shi ne mai iko.

Akwai abubuwan da suke kama da saɓani amma ba su da laifi. Idan sunan mai karɓa a kan odar ya bambanta da sunan mai asusu, ko adireshin na wani shago ne da ake ajiye kunshi, ko na kamfanin da ke tattara kaya ya tura wata ƙasa, muddin mai saye ne ya shigar da shi a lokacin biya, a aika kawai. Haka kuma idan mutum ya ci gwanjo bai riga ya biya ba, babu buƙatar soke komai, sai a ce masa ya gyara adireshin da kansa kafin ya biya. Abin da ba a yi shi ne bayan kunshi ya kama hanya, mai sayarwa ya kira kamfanin aikawa ya ce a karkatar da shi wani gari saboda roƙon mai saye. Kada kuma a yarda da imel mai cewa an biya, sai an shiga asusu an ga kuɗin da ido, kuma duk wanda ya ce ya yi kuskuren biyan fiye da kima, a tura masa ragowar ta Western Union, a rufe magana da shi nan take.

Game da shaida, ƙanenka ya riƙa ɗaukar hoton kunshin da takardar adireshi a manne, ya shigar da lambar bin sawu a shafin odar ranar da ya aika, ya kuma adana rasit. A eBay mai saye yana da kwana 30 bayan ranar da ya kamata kaya su isa don ya ce bai gani ba, a PayPal kuwa wa'adin ƙorafi kwana 180 ne, saboda haka kada a yar da rasit kafin wata shida. Kaya masu tsada kuma a nemi sa hannun mai karɓa. A shafin eBay na Amurka wannan wajibi ne idan ciniki ya kai dalar Amurka 750.

Tunda na san yawancin masu kayan fata a Marwa suna kuma yin gwanjo a Facebook da rukunonin WhatsApp, bari in taɓo na gida, inda ake biya ta Orange Money ko MTN MoMo, a ɗora kaya a motar safa zuwa Garwa, Ngaundare ko Yawunde, ko a bi ta Kuseri a haye gada zuwa Njamena. A nan babu kamfanin da zai raba gardama, kuma adireshi bai wuce suna da lambar waya da aka rubuta da maka a jikin kwali ba, sai sunan tashar da za a karɓa. Damfarar da ta fi dacewa da wannan yanayi mai kusurwa uku ce: wani ya kwafi hoton jakarka ya tallata ta kamar tasa, ya sa wani bawan Allah ya tura kuɗi zuwa lambarka, sannan ya zo maka da hoton shaidar biyan ya ce shi ne ya biya, a rubuta sunan yaronsa a kwali. Kai ka ga kuɗi sun shigo, ka ɗora kaya, bayan kwana uku ainihin mai kuɗin ya kira yana neman jakarsa, kuma lambarka ce a hannunsa idan ya je wurin jandarma. Don haka duk lokacin da lambar da ta biya ta bambanta da wadda ke ba ka umarni, ka kira lambar da ta biya, ka ji daga bakin mai ita abin da ya saya da wanda zai karɓa, ka sa ya rubuto maka sunan kamar yadda yake a katin shaidar ɗan ƙasa, sannan ka tura hoton rasit ɗin tasha zuwa wannan lambar kaɗai. Idan mai ba da umarnin ya ce kada ka kira ta, wai mai ita yana asibiti ko ya yi tafiya, ka mayar da kuɗin zuwa lambar da suka fito, ka ajiye jakarka a shago.