Amsa ga ɗan'uwan da ke tambayar amfanin ƙungiya bayan aikin gini ya ja baya

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce ƙungiyarku ta ƙwadago ta sanar cewa aikin gini zai ci gaba da raguwa, ɗan kwangila kuma ya ba ku zaɓi: ko ku yarda a rage kuɗin yini, ko ya ɗebo wasu. Shi ne kake tambaya ko akwai sauran amfanin biyan kuɗin ƙungiya. Allah ya kawo mana sauƙi. Na ɗanɗana abin da kake ciki, shi ya sa na kasa yin shiru.

Abin da ƙungiyar ta faɗa gaskiya ne. Idan tattalin arziki ya karye, gini yana cikin abubuwan da ke fara tsayawa, domin yawancinsa da bashin banki ake yin sa, kuma da zarar banki ya tsuke bakin aljihu sai mai aiki ya dakata. Haka aka gani bayan rikicin 2008, lokacin da ma'aikatan gini wajen miliyan 2 suka rasa aiki a Amurka, aka kuma bar rukunin gidaje ba a ƙarasa ba a Sifen da Ailan. Ko kasuwa ta farfaɗo, mu ba ma komawa da wuri, sai an sayar da abin da aka riga aka gina. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke matsa wa gwamnatoci kada su daina aikin hanyoyi da gadoji da makarantu a irin wannan lokaci.

Amma abin da ba a rubutawa a sanarwa shi ne a kan wa asarar take sauka. Ni ɗaurin rodi nake yi. Muna tsakiyar wani bene sai ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauke mu ya fara cewa babban kamfani bai biya shi ba, kamfanin kuma ya ce ya biya. Kullum gobe. Ya daina sayen hular kwano da igiyar tsaro, ya sa muna hawa katakon da ya kamata a ce an jefar. Wani yaro mai ɗauko mana rodi ya faɗo ya karye a ƙugu, mutumin nan ya dube mu ido da ido ya ce bai san shi ba, tunda babu takarda. Yaron da yake aike kullum! Wata safiya muka tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, kayan aikinmu na ciki, wayarsa a kashe. Har yau abin yana ci mini rai, musamman da na ji ya canza sunan kamfani ya ci gaba da karɓar kwangila kamar bai taɓa cutar kowa ba.

Waɗanda suka samu wani abu daga haƙƙinsu a cikinmu, su ne masu suna a rajistar ƙungiya da masu katin shiga aiki. Don haka kada ka fita. Ka ɗauki hoton katinka kowace rana, kuma kada ka riƙa barin kayan aikinka a can. Ka tambayi shugabanninku ko ƙasarku ta amince da Yarjejeniya ta 95 ta 1949 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce idan kamfani ya durƙushe a fifita albashin ma'aikata cikin basussukansa, da ta 167 ta 1988, wadda ta ɗora wa babban ɗan kwangila alhakin daidaita matakan tsaro a wurin aiki.

Batun ragi kuwa, ka yi wa Allah kada ka je wurin ɗan kwangilar kai kaɗai. A ganina gara a rage kwanakin aiki a raba tsakaninku da a taɓa kuɗin yini, domin kuɗin da aka rage da wuya ya koma. In ya zama dole, a rubuta, a sa ranar da ragin zai ƙare. Su ma shugabannin ku faɗa musu gaskiya: su sassauta kuɗin wata ga wanda ba ya aiki, su kuma yi wa leburorin yini rajista, domin da su ake yi muku barazana. Ka kuma nemi aikin gyare-gyare kafin nan, shi ba ya tsayawa kamar sabon gini.