Mun Ga Tulu a Kufai: Mu Tono Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mushen lakwal ne a wani ƙauye na yankin Illela. Mu takwas muka haɗa ƴar ƙungiya, ba mai biyanmu, ran Lahadi muna zaga kufan da ke kewaye da garinmu. Bana ruwa ya zaizaye bakin wata korama, sai ga tsingaro birjik, da kashin maƙera, da wani tulu a kife, ko tsagewa bai yi ba. Wani baƙo ya ce zai saya. Mu tono shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Mushe. Don Allah kada ku tona, balle ku sayar. Tulun da ke kife yana iya zama kabari. Haka aka tarar da irin waɗannan tuluna a kufan Bura, can wajen Tera, inda aka gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi Boube Gado ya jagoranci haƙa a 1983. Da aka kai kayan baje koli Faransa, sai ƴan kasuwa suka yi wa yankin caa, aka bi kufai ana fasawa da dare. Abin da ya fita ta wannan hanya ya zama kayan ado a ɗakin wani, ba wanda zai ƙara sanin zurfin da yake, ko gawayin da ke gefensa, wanda da shi ake auna shekaru. Dokar Nijar ta 1997 ma ta hana haƙa ba izini.

Ku ɗauki hoto da salula, ku aza sanda kusa don a gane girmansa, ku mayar da ƙasa ku rufe. Ku sanar da mai gari, sannan ofishin al'adu na Tawa, ko masu binciken IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'a, a Yamai.

Amma ni abin da ya fi damuna ba tulun ba ne. Ya yi ɗaruruwan shekaru a nan, zai jira. Tsofaffinku ne ba za su jira ba. Kakata ta san sunan kowane kufai tsakanin garinmu da Tawa, da yunwar da ta tashe shi, da rijiyar da ta ƙafe. Kullum ina cewa sai na dawo hutu zan ɗauki muryarta. Ta rasu ban ɗauka ba, har yau abin na ci mini rai.

Kashin maƙeran nan da kuka gani, ku kai wa Sarkin Maƙera ɗan guntu daga wanda ke sama. Adar ƙasar tama ce, akwai dattawan da iyayensu suka narka ƙarfe da hannunsu. Ku je da goro, ku zauna ƙasa, ku ce, "Baba, su wa suka zauna nan, me ya tashe su?" Ku tambayi tsofaffin mata daban, don su ke riƙe da waƙoƙin daka da sunayen zuri'a. In biyu sun saɓa, ku rubuta duka, kada ku zaɓa. A kan kowane labari ku sa sunan mai bayarwa, garinsa da ranar, ku ajiye kwafi guda a lakwal.