Janaretana na shan gas kamar ruwa, ga baƙin hayaƙi

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfanin fiya wata a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, na sayi janareta mai kVA 100 saboda matsalar wuta, to yanzu dai gas yake sha ba kaɗan ba, ga wani baƙin abu kamar kwalta yana ɗiga daga salansa, maƙwabta kuma sun fara ƙorafin hayaƙi. Da dare fitilu da firiza biyu kawai yake ja. Jabu aka sayar min ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Da wuya in jabu ne, injin ne ya fi ƙarfin aikin da kake ba shi. kVA 100 wajen kilowat 80 ke nan, kai kuma da dare da kyar ka kai kilowat 10. Shi injin gas, wato dizal, so yake a ɗora masa kaya, lodin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nan ya fi jin daɗi, lita ɗaya ta ba ka kamar yunit 3 na wuta ko ɗan fiye. In lodi ya yi ƙasa da kashi 30 silinda ba ta ɗaukar zafi sosai, man ba ya ƙonewa duka, sai ragowar ta haɗu da toka ta taru a salansa tana ɗiga, wannan baƙin abin da kake gani ke nan, a hankali ya toshe nozul ɗin da ke fesa mai ya cinye zoben fistin.

Ko lafiyayyen inji ma kashi 30 zuwa 40 na ƙarfin man yake mayarwa wuta, sauran zafi ne yake bin iska.

Maganar maƙwabta kuwa kada ka ɗauke ta fitina, suna da gaskiya. Kowace lita ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wannan ma ba a ganinta. Wanda ake gani, baƙin, ƙananan ƙwayoyin toka ne masu shigewa can cikin huhu, masu asma da yara su suka fi wahala, kuma tun 2012 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saka hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Ka ɗaga bututun salansa ya wuce rufin kwano, kada ya kalli tagar kowa, kuma kada mai gadi ya riƙa kwana a ɗakin inji wai don ɗumi lokacin sanyi.

Ni da ni ne, babban sai da rana in injinan tacewa da na liƙe leda suna aiki, dare kuma ƙaramin inji ko sola da batir ya ishi firiza. Ka sa bakanike ya ɗora wa babban injin cikakken lodi na 'yan awanni ya ƙone dattin, a canza baƙin mai duk awa 250, iya kilina kuwa da hunturun Katsina duk mako a duba ta, ƙura tana toshe ta hayaƙin ya ƙaru.