Jarin da zai kai ga marasa jingina: asusu ko haɗin gwiwa?

Tambaya: Malam, na yi ritaya da ɗan abin hannuna. Wani asusu ya yi min tayin zuba jari, wai suna ba mata da ƙananan 'yan kasuwa rance, kuma ribar tana da tsoka. Ƙanina kuwa ya ce gara in haɗa jari da mai sana'a kai tsaye. Ina son riba, amma ina so kuɗin ya kai ga waɗanda banki ke rufe wa ƙofa. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Hajiya, wannan "riba mai tsoka" ita ta tsaya min a rai. Daga aljihun wa take fitowa?

Ba da rance ba tare da jingina ba abu ne mai yiwuwa. Muhammad Yunus ya nuna haka da bankin Grameen da aka kafa a Bangaladash a 1983, wanda akasarin masu karɓar rancensa mata ne, har shi da bankin suka samu lambar Nobel a 2006. Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A 2007 bankin Compartamos na Meziko, mai ba mata ƙananan rance, ya sayar da hannun jari, masu shi suka kwashi ɗaruruwan miliyoyin daloli, alhali ruwan da yake ɗora wa matan ya kusan ninka bashin a shekara. Yunus kansa ya yi tir da abin. A 2010 kuma, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, matsin da masu ba da rance ke yi wa waɗanda suke bi bashi ya yi ƙamari har gwamnati ta tsoma baki, biyan bashi ya durƙushe, masu jari suka tafka asara.

Don haka kafin ki sa hannu, ki nemi su rubuta miki ruwan da mai rance ke biya a shekara, haɗe da duk wasu kuɗaɗen caji. Ki tambayi me suke yi wa wanda ya kasa biya. Ki tabbatar suna da lasisin hukumar da ke sa ido kan harkar. In suka fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Ni shawarar ƙaninki ta fi kwanta min. Mai sana'ar da ba shi da gida ko fili ba bashi kaɗai yake nema ba, yana neman wanda zai ɗauki kasada tare da shi. A tsarin mudaraba ke ce mai jari, shi ne mai aiki, riba bisa kason da kuka amince, asarar kuɗi kuma taki ce muddin bai yi sakaci ba. Amma fa akwai wahala: yarjejeniya a rubuce, shaidu, duba littafin ciniki duk wata. Kuma kada ki tsaya kan 'yan'uwa da abokai, domin wanda ba shi da uwa a gindin murhu shi ne wanda kika ce kina nema.

Kuɗin ritaya ne, saboda haka ki fara da kason da in ya salwanta ba zai hana ki barci ba, ki raba shi ga mutum biyu ko uku.