Gadar Forth: Ka Sauka a Dalmeny Ka Gan Ta Daga Ƙasa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Barka da samun gurbin karatun injiniyan gine-gine a Edinburgh, Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce hayar ɗaki a birnin ta fi ƙarfin aljihunka, an ba ka shawarar zama a yankin Fife da ke ƙetaren ruwan Forth, kana tambaya ko jeka-ka-dawon ba zai galabaitar da kai ba, da kuma ko ana zuwa ganin jar gadar nan ta hoto, wato gadar jirgin ƙasa ta Forth.

Zaman Fife ba laifi. Jama'a da yawa a Inverkeithing ko Dunfermline suke kwana, da safe su hau jirgin ƙasa zuwa tashar Waverley ta Edinburgh, tafiyar kamar rabin awa. Ka nemi katin rangwamen matasa da ɗalibai, yana rage sulusin kuɗin tikiti, sai dai yana da sharaɗi a safiyar ranakun aiki.

Gadar kuwa, a kanta za ka riƙa bi kullum. Amma na cikin jirgi ba ya ganinta, sai jajayen ƙarafa suna giftawa ta taga, ruwa can ƙasa. Wata Asabar ka sauka a tashar Dalmeny, ka gangara ta matakala zuwa bakin ruwan South Queensferry, ka tsaya ƙarƙashinta har jirgi ya zo. Layin dogon yana sama da ruwa da kusan mita 46, rugugin kuma har cikin ƙirji ake jin sa.

Kai da za ka karanta wannan fanni, ina so ka san dalilin kaurinta. Ranar 28 ga Disamba 1879 guguwa ta karya gadar Tay da jirgi a kanta, ba wanda ya tsira. Thomas Bouch, wanda ya zana ta, shi ne ke riƙe da aikin gadar Forth, sai aka karɓe. John Fowler da Benjamin Baker suka gaje shi a lokacin da jama'a ke tsoron gada, don haka suka yi wadda ido ma zai yarda da ita: tsawon mita 2,467, ƙarfe fiye da tan 50,000, manyan bututunta faɗin kowanne ya kai mita 3.7. An buɗe ta ranar 4 ga Maris 1890, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, har yau jirage kusan 200 ke ratsa ta a yini. Ma'aikata 73 suka rasu wajen gina ta. Sunayensu na nan rubuce a bakin ruwan, don Allah ka tsaya ka karanta.

Ba a hawan ta da ƙafa. In hoto kake so, ka taka gadar mota ta 1964 da ke kusa, tana da hanyar masu tafiya da ƙafa. Ka sa rigar sanyi mai kauri ko da rana ta fito, iskar wurin ba ta da wasa. Ka sanar da ni ranar saukarka in tarye ka.