Filin kurket na cikin gem da na gaske

Ƙanena na Garwa, ka tambaya ko filin kurket (wasan da ake jefa ƙwallo ta taɓa ƙasa, a buge ta da katako) a gem irin Cricket 24 yana aiki kamar na gaske. Rabi da rabi ne. Kamfanin Big Ant na Ostireliya, wanda ya ƙirƙiri gem ɗin, ya ba ka damar zaɓen irin filin, kuma bambancin yana fitowa: mai ciyawa irin na Ingila yana taimakon masu jifa da ƙarfi, a mai ƙura irin na Indiya kuwa ƙwallo murɗewa take yi in ta taɓa ƙasa. A ganina, a dogon wasan kurket na kwana 5 ne gem ɗin ke da sauran aiki. A gaske, in kwanakin suka yi nisa, ƙasar dardarewa take kamar bakin Binuwai da rani, ƙwallo ta faɗa tsaga ta kauce ba zato. A gem kuwa, da hannunka ya saba, kusan ka san inda za ta tashi.