Ɓawon lemo ba kyauta ba ne, Alhaji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillali ne a Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano. Ɗan ƙanina da ya karanta kimiyyar sinadarai ya ce ana fitar da wani gari mai suna pektin daga ɓawon lemo, wanda masu yin jam da yogot ke sayowa daga waje da dala. Ya ce ɓawo kyauta ne, in na ba shi naira miliyan 8 na injina, kuɗin zai dawo cikin shekara guda. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba shi, aƙalla ba bana ba.

Yaron bai yi maka ƙarya a kan pektin ba. Pektin shi ke sa jam ya kama jikinsa, shi ne ake rubutawa E440 a jikin kwalba, kuma daga ɓawon lemo da tuƙar tuffa ake samun mafi yawansa. Kuskurensa shi ne ya ɗauka ɓawo kyauta ne, kuma a kan haka aka gina duk lissafin.

Wane ɓawon ma tukuna? Kai ka fi ni sanin yadda ake feren lemo a ƙasar nan: mai tire yana zare fatar waje ce kawai, ya bar farin a jikin lemon. To pektin ɗin ya fi yawa a cikin wannan farin, wanda mai saye zai tsotse ya jefar a kwata. Ruɓaɓɓen lemon da kuke zubarwa kuwa ba ya aiki. Ɗanyen ɓawo cikin 'yan sa'o'i yake fara lalacewa, dole a wanke shi a busar da shi tun yana sabo. Shi ya sa a Tukuman ta ƙasar Ajantina masana'antun matse lemon tsami suke busar da ɓawon a wurin, kafin a yi jigilarsa zuwa masu yin pektin a Turai. Kai ina masana'antar da za ta riƙa ba ka sabon ɓawo kullum? Lemonku daga Binuwai yake zuwa, kuma yana da lokacinsa.

Ɗauki alƙalami. Ɗanyen ɓawo kilo 100, kusan kilo 80 ruwa ne. Ka biya mota, ka biya 'yan dako, ka tashi da busasshe kilo 20 ko ƙasa da haka. A ciki, in komai ya tafi daidai, ka samu pektin kilo 4 ko 5. Kafin nan sai an dafa ɓawon da ruwan asid, a tace, a zuba itanol, wato sinadarin barasa, mai yawa don garin ya rabu da ruwa. Wanda ba shi da na'urar sake tace itanol ɗin ya maimaita amfani da shi, a nan ribarsa za ta ƙare. Ga shi itanol abu ne mai kama wuta, ga kuɗin dizal. Tambayi ɗanka ko waɗannan suna cikin miliyan 8 ɗin. Abin da ya fitar a kwalbar jami'a, makaranta ce ta biya kuɗin sinadaransa.

Na san wani bawan Allah da ya kafa sana'a a kan sharar wani kamfanin sarrafa 'ya'yan itace. Da farko har godiya suke masa don ya ɗauke musu nauyin kwasa. Da suka ga motarsa kullum a bakin ƙofa, sai aka sa farashi. Masu kiwo suka shigo suka ƙara kuɗi. Ba shi da takardar yarjejeniya ko ɗaya, injinsa yana nan lulluɓe da tamfol. Ai dusa ma ba kyauta ake ba da ita ba.

Sannan wa zai saya? Mai kamfanin jam yana son garin da ƙarfin kamunsa ɗaya ne a kowane buhu, mai rajistar NAFDAC, kuma yana samun haka daga manyan kamfanonin waje irin su CP Kelco da Cargill. Ba zai ɓata tukunyarsa don kishin ƙasa ba. Maganar "shekara guda" kuwa, na gaji da jin ta.

In kana son ka gwada yaron, ware abin da bai wuce dubu 300 ba. Ya tafi inda ake matse lemo, ya busar da ɓawo a lokacin hunturu, ya rubuta kowace naira a littafi: mota, leburori, asid, itanol, mai. Ya fitar da kilo 2, ya kai ɗakin gwaji, ya kai wa masu yin jam ko yogot guda 3. Ya dawo maka da kuɗin da kilo ɗaya ya ci, da farashin da suka ce za su biya, a rubuce. Idan lissafin bai fita ba, busasshen ɓawon yana shiga abincin shanu, sai ku nemi masu kiwo ku rage asara.